Ta ce mini ya shaƙe ta, ni kuma na rubuta a'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu manya da ƙanana, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma ina roƙon duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, in ya gama ya zaga, ba zan ce ya yi ƙarya ba, don ni ma na zagi kaina har na gaji. Shawara nake nema, kuma yau Litinin, ranar Alhamis nake da ita a gaba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na ƙauye a yankin Pauwa, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Ba likita ba ce ni, amma a ƙauye wa ya damu da wannan? Awon ciki ni, allurar rigakafi ni, karɓar haihuwa ni, wanda fartanya ta sara a gona ni ce mai ɗinke shi. Malama suke ce mini. An san ni da baki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Namijin da ya hana matarsa zuwa awo, in na haɗu da shi ko a bakin kasuwa ne sai na wanke shi tas, har wasu mazan in sun hango farin kayana sai su canza hanya. Ina jin daɗin hakan, ina ganin kaina jaruma. To ku ji abin da jarumar ta aikata.

Shekarar da ta wuce aka kira mu bita a Ƙanƙara, aka sanar da mu an kafa wani kwamiti na haɗin gwiwa saboda matan da ake duka a gidajen aurensu. A cikinsa akwai jami'in 'yan sanda, da wata daga babban asibiti, da wakilin hakimi, da malami, da wata lauya, da shugabar ƙungiyar mata, sai jami'ar walwala da ke haɗa kansu, wadda zan kira Hajiya Asabe, ko da yake ba sunanta ba ne. Aka raba mana fom. In mace ta zo da raunin da ba ki yarda da shi ba, ki ja ta gefe ki yi mata tambayoyin da ke jiki ɗaya bayan ɗaya, ki sa alama a gurbin i ko a gurbin a'a. A ƙasan takardar an ja wani jan layi, tambayoyin da ke ƙarƙashinsa su ne masu nauyi: ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cewa zai kashe ki? Akwai makami a gidan? In an sami i a nan, ba a kai maganar sulhu, ba a kiran mijin a zaunar da su a ce ku yi haƙuri. Kai tsaye za a buga wa Hajiya Asabe waya, kwamiti ya zauna, kowa ya ɗauki nasa aikin, a fara tsare ran matar tukuna, kuma in akwai makami 'yan sanda su karɓe shi. In kuwa duk a'a ce, sai a yanke ɗan guntun ƙasan takardar a aika wa mai unguwa a sasanta su a gida. Har yau ina jin muryar Hajiya Asabe ranar bitar nan, ta cire gilashinta ta ce, "Ku saurare ni da kyau. Mari ciwo ne, duka ciwo ne, amma namijin da ya kai hannu wuyan mace, kada ku jira a sake. Da yawa ba sa dawowa su ba ku labari na biyu." Ni ce ma na fi kowa gyaɗa kai.

Kuma ba zan ce ban ga amfanin abin ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Akwai wata da aka auro garinmu daga wajen Sabuwa, mijinta ya bi ta da adda har cikin maƙota. Na cike mata fom, na buga waya, cikin kwana biyu na ga abin da ban taɓa gani ba a aikin gwamnati: 'yan sanda suka ɗauke mijin, asibiti suka duba ta, wakilin hakimi ya samo mota, aka kai ta gidan kawunta a Faskari ba tare da kowa ya sani ba, lauyar ta bi mata maganar kotu har aka raba auren. Tana nan da ranta, awara take soyawa, ta yi ƙiba. Tun daga nan Hajiya Asabe ta riƙa gayyata ta zaman kwamiti, tana nuna ni ga sauran ma'aikata tana cewa su yi koyi da Malama.

Yanzu bari in faɗi wane ne mijin da nake magana a kai, don in ban faɗa ba ba za ku gane yadda aka yi hannuna ya karkace ba. Zan kira shi Iro. Ɗan sa-kai ne, cikin waɗanda ke tsaron garinmu daga ɓarayin daji, kuma ko maƙiyinsa ya san ba shi da tsoro. Shekara uku da suka wuce mahaifiyata, Inna, ta je suna wajen Sabuwa. A hanyar dawowa, da rana tsaka, ɓarayi suka tare motarsu suka kora su daji. Inna tana da ciwon gwiwa, da ta kasa tafiya sai suka doke ta da gindin bindiga suka yar da ita a wani kwazazzabo suka wuce. Su Iro ne suka bi sawu. Shi ya same ta, shi ya goya ta a bayansa kamar jaririya, tafiyar da ko mai lafiya sai ya huta sau uku, har ya kawo ta bakin titi. Ni da hannuna na wanke jinin Inna daga rigarsa. Tun ranar Inna ba ta kiransa sai da ɗana. In ta yi daddawa nasa ake fara cirewa, in ta idar da salla sunansa na shiga addu'a kafin nawa. Ku faɗa mini, mutumin da ya goyo miki uwa daga bakin mutuwa, da wane ido za ki kalle shi?

Matarsa zan kira ta Hansai. 'Yar siririya ce mai fara'a, ɗiyarsu ɗaya, a hannuna ta haife ta. Wata Laraba, bayan an gama allurar yara mutane sun watse, na ga ta ƙi tafiya, tana zaune a ƙarshen benci. Na ce, "Hansai, yau kuma zaman me ake, ko Iro ya hana ki cefane ne kika zo ki ci nawa?" Wasa nake yi, ban sani ba. Ba ta yi dariya ba. Ta bi ni ɗakin awo, ta tura ƙofa, ta ɗaga hijabinta. Wallahi na ga raunuka a aikin nan, na ga wanda harsashi ya fasa wa cinya, amma ban taɓa ganin abin da ya sanyaya mini jiki irin wannan ba. Shatin yatsu ne a wuyanta, huɗu a gefe guda, babban yatsa a ɗaya gefen, sun yi baƙi kamar an shafa gawayi. Farin idonta na dama ya yi ja da jini. Da ta buɗe baki muryarta a dishe take.

Ta ce, "Malama, an ce mani ke aka ba takardar da aka taimaki matar nan ta Sabuwa da ita. Ni ma ki rubuta mani."

Na ɗauko fom. Na fara tambaya tana amsawa. Da na iso jan layi na ce ya taɓa shaƙe ki, ta ce, "Sau uku ke nan. Na shekaranjiya sai da na daina gani, na hwarka na iske na yi fitsari a zanena." Na ce ya taɓa cewa zai kashe ki, ta ce, "Shina hwaɗi kullum. Ya ce ya kashe waɗanda suka fi ni, ni wace ce." Makami kuwa ban ma tambaya ba, wa bai san bindigar Iro ba? Sai na ji bakina yana nema masa uzuri, na ce, "Kin san abin da suke gani a daji ba kaɗan ba ne, ga ƙaninsa da aka kashe a gabansa, wataƙila kansa ne ya taɓu." Ta dube ni ta ce, "Malama, tun ba a san ɓarayin daji ba shina dukana. Wuyan ne dai sabo."

Ga biro a hannuna, ga gurbi biyu a gabana. Me ya zo mini a rai? Ba Hansai ba, Allah Ya gani, ba ita ba. Abin da na hango shi ne motar 'yan sanda a ƙofar gidan Iro, ana fito da bindigarsa gari na kallo, a lokacin da ko gona ba a zuwa sai su Iro sun yi gaba. Na hango in aka kawo hari bayan nan aka kashe wani, a ce ai Malama ce ta sa aka kwance mana mai tsaro. Na hango Inna tana tambayata, ɗana kika kai wa hukuma? Sai na ce a raina, bari in rubuta a'a, ni da kaina zan same shi in yi masa magana, ai yana jin kunyata, ai ina da baki. Na sa alama a a'a. Na sake sawa a a'a. Na sake. A wajen bayanin rauni na rubuta ƙaramin saɓani da ƙujewa a wuya. Hansai ba ta yi boko ba, tana kallon biron yana tafiya tana sauke ajiyar zuciya. Na kama babban yatsanta na dangwala a tawada na danna a ƙasan takardar. Ta ce, "Allah Shi ruhwa maki asiri kamar yadda kika ruhwa mani." Na ce amin. Kun ji? Amin na ce.

Ta tambaye ni yaushe za a kira ta. Na ce kwamiti suna da aiki da yawa, ta yi haƙuri, za su neme ta. Na kuma koya mata abin da aka koya mana, ta haɗa kaya kaɗan da katin ɗiyarta ta ajiye a gidan wata da ta yarda da ita, saboda ranar da za a zo ɗaukarta. Ina faɗa mata haka alhali na san babu mai zuwa.

Maganar da na ce zan yi wa Iro fa? Na same shi a bakin masallaci bayan kwana biyu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya Malama, ya ƙahwar Inna? Na samo mata wani man shafawa wajen wani Bafillace, ki ce ina nan tahe." Duk bakin nan nawa da ake tsoro ya mutu murus. Abin da na iya cewa kawai, a riƙa haƙuri da iyali. Ya yi murmushi ya ce, "Ai haƙurin muke, Yaya." Shi ke nan wa'azin da jaruma ta yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne guntun takardar nan. Tunda duk a'a na cike, doka ce in yanke shi in aika wa mai unguwa, kuma na aika, don in ban aika ba za a ga gibi a fayil. A tsakanin nan Hansai ta gaji da jira ta yi yaji, ta ɗauki ɗiyarta ta tafi gidan yayanta a wani ƙauye wajen Faskari. Yayan nan ya ga wuyanta, ya rantse ba za ta koma ba. Da ta tsira, jama'a, da ƙafarta ta fitar da kanta, ba da taimakona ba. Sai dangin Iro suka shirya biko, suka ɗauki dattawa da goro da turmin atamfa, mai unguwa ya bi su da guntun takardata a aljihu. Mai unguwa da bakinsa ya ba ni labari daga baya, yana murna. Ya ce yayan ya tubure, ya ce shaƙe ta ake yi, sai shi kuma ya zaro takardar ya ce, "Ga ta asibiti nan da hatimi. Malama da kanta ta duba ta, ta ce ƙaramin saɓani ne. Kai ka fi Malama sanin ciwo? Malamar da ta sa aka kama mijin 'yar Sabuwa, da ta ga abin tsoro za ta yi shiru?" Aka samu mai karatu ya karanta wa yayan a zaure, jikinsa ya yi sanyi, ya shiga gida ya ce wa ƙanwarsa ta shirya. Ita tana cikin gida, ba ta ji abin da aka karanta ba, an dai ce mata manya sun sa baki. Mai unguwa ya ce mini, "Malama, takardarki ta yi aiki, kin gyara aure." Sunan da na yi na gaskiya shi aka ɗauka aka mayar da ita ɗakin da ake shaƙe ta.

Na samu dama ta biyu, ita ma na zubar. A zaman kwamiti na gaba Hajiya Asabe tana bin fayil ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a na Hansai. Ta ce, "Malama, ƙujewa a wuya? Wuya fa. Kin tambaye ta da kyau?" Ɗan sandan ya ɗago kai, lauyar ta ajiye wayarta. Mutum bakwai da za su iya ceton ta suna zaune suna jiran kalma ɗaya daga bakina. Na ce, "Na tambaye ta, Hajiya. Igiyar shanya ce ta karce ta suna cikin rigima. An ma sasanta, ta koma." Hajiya Asabe ta ce, "To, tunda ke kika gani," ta rufe fayil ta ɗauki na gaba. Aka kawo lemo da biskit aka raba, na sha.

Tun daga ranar ban sake zama daidai ba. In na zo ɗaura ɗankwali ko na ja hijabi ya taɓa mini maƙogwaro, sai in ji numfashina ya tsaya, sai na sassauta. Abinci yana tsaya mini a wuya. In ina salla na kai sujada, shatin yatsun nan nake gani a kan darduma. Duk wayar da ta yi ƙara da safe sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an kira a ce in zo in duba gawa. Rannan aka yi guɗa a unguwarsu, ashe haihuwa aka yi a maƙota, ni kuwa na saki kwanon allura ya tarwatse a ƙasa. Mijina ya ce ko aljanu ne, Inna ta sa aka yi mini rubutu na sha. Wane rubutu zai wanke wannan? Rubutun da ya dame ni yana cikin fayil a Ƙanƙara, da hannuna a jiki.

Yanzu Hansai tana da ciki wata bakwai. Kuma abin ya canza salo, don Iro ya daina barin ta ta fito ita kaɗai. Shi yake kawo ta awo a babur, ya zauna a gindin bishiyar ƙofar asibiti da bindigarsa a kan cinya, yana gaisawa da mutane, mata suna cewa kai Hansai ta yi dacen miji, har awo yake rako ta. In ta wuce minti goma a ciki sai ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya Malama, lahiya dai?" Ba ni da wani lokaci da ita sai wanda take kwance a bayan labule ina auna cikin. Duk zuwa sai na ga sabon abu. Wancan watan ta kasa haɗiye maganin ƙarin jini, sai da na farfasa mata shi. Kuma duk zuwa sai ta yi mini tambaya ɗaya da raɗa: "Har yanzu ba su kira ba?" Ni kuma in ce suna tafe. Sau huɗu ina cewa suna tafe.

Na san abin da wasunku za su ce: ki cike sabon fom mana, ki rubuta gaskiya, shi ke nan. Kuna tsammani ban yi wannan tunanin ba? Na yi shi ya fi sau ɗari. Amma in an sami i a jan layi, Hajiya Asabe da kanta take zuwa ta zauna da matar, kuma kalmar farko da za ta fito daga bakin Hansai ita ce, ai na faɗa wa Malama tun bara. Ga tsohon fayil da a'a uku a ciki. Ko ta ina na bi, sai an san na yi ƙarya a takardar gwamnati, na kuma maimaita ta a gaban kwamiti. Aikina zai tafi, wataƙila har a gurfanar da ni, kuma ni ke riƙe da Inna da ƙannena biyu. Duk fom ɗin da na taɓa cikewa za a fara shakkarsa. Garin kuma ba zai yafe mini ba in aka karɓe bindigar Iro, don ko makon jiya an tare mutane a hanyar gona, shi ya fita. Ni kaina ban san abin da zai yi mini ba in ya gane daga ina maganar ta fito, gidana da nasa ba nisa. Sannan Inna. Ta yaya zan zauna a gabanta in ce mata wanda ya goyo ki a bayansa, hannuwansa ne ke matse wuyan matarsa? Na gwada sau ɗaya, na ce Inna, an ce Iro yana da zafin hannu a gida. Ta ce, "Ke kau ki kiyayi bakinki. Mutanen da ba su iya shiga daji ba su ne ke zaune suna ɓata wanda ya shiga." Ban sake tayar mata da maganar ba.

To duk wannan lissafin nawa ne, na kaina, na aikina, na kunyata. Ina Hansai a ciki? Kullum in na jera dalilan nan sai in ga babu sunanta ko a ɗaya, sai kunya ta rufe ni. Ni da aka koya wa cewa mai ciki ta fi shiga haɗari, ni da na san ma'anar muryar da ta dishe ba mura, ni ce nake auna ranta da albashina?

Yau da safe ta zo. Ba ranar awonta ba ce, ta ce masa cikin ne ke juya mata, ya kawo ta. Ta kwanta a bayan labule, na ɗora ƙahon sauraro a cikinta na kanga kunnena, zuciyar ɗan tana bugawa lafiya lau. Ina sunkuye a haka ta kamo hannuna. Ban ɗaga hijabin ba, ba sai na ɗaga ba, don yau idanun biyu ne suka yi ja. Na jira ta yi tambayar da ta saba, na ma shirya ƙaryar a bakina. Ba ta yi ba. Ta ce, da wata 'yar murya da sai da na matso na ji:

"Malama, na bar jiran su. Na san mutane na da yawa, ba ni kaɗai ba ce, kada ki damu kanki, kin yi naki. Jiya ya ce mani in na haihu ya gama da ni, don kada a ce ya kashe rai biyu. Abu guda nike roƙo. In abin ya hwaru, za su ce haihuwa ce ta kashe ni, ko hawan jini, kuma ɗiyata za ta tashi a hannunshi. Ki hito da takardar nan ki nuna ma alƙali, a ba yayana ɗiyar. Wallahi tunda na san a rubuce yake a wurinki, ko na mutu hankalina kwance yake."

Iro ya ƙwanƙwasa taga ya ce, "Yaya Malama, a sallame mu, rana na yi." Ta gyara hijabinta ta sauko daga gadon a hankali, ta yi mini godiya, ta fita. Na tsaya a taga ina kallo ta hau bayan babur ɗin ta riƙe rigarsa don kada ta faɗi.

Saura wata biyu ta haihu, in ma ya jira. Kwamiti zai zauna gata, ranar Alhamis, kuma Hajiya Asabe ta turo mini saƙo in zo in yi wa sababbin ma'aikata bayanin yadda ake cike fom. Takardar da Hansai ta jingina ranta da ɗiyarta a kai, in aka buɗe ta gaban alƙali, shaida ce cewa mijinta bai taɓa taɓa wuyanta ba.

Jama'a, don Allah, ba tausayi nake nema ba, ban cancanta ba. Ku faɗa mini ta inda zan fara, da bakin da zan buɗe, da yadda za a fitar da ita kafin ya ji. Me zan yi?